Mun Zo Kurmi, To Ina Kurmin?

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata a Mile 2

 

Duk wanda ya baro gida ya zo nan, cewa ake ya tafi Kurmi. To ku duba daga nan Mile 2 har Agege, ina kurmin? Kakanninmu fataken goro sun tarar da Agege cike da gonakin goro da koko. Yau fa? A ƙidayar 1991 mutanen Jihar Legas miliyan 5.7 ne, a ta 2006 sun haura miliyan 9. Kowa na neman wurin kwana da wurin kasa kaya, har da mu. Itatuwa kaɗan suka rage, su ɗin ma ba lafiya gare su ba.

Da daminar bara, mangwaron bakin layinmu ya faɗi kan teburin mai shayi. Allah ya kiyaye, da tsakar dare ne, ba kowa a wurin. Da gari ya waye muka ga ganye shar, amma cikin gindin rami ne, yana marmashewa a hannu kamar busasshen burodi. Aka ce iska ce ta kayar da shi. Iska dai ƙarasawa ta yi.

Abin da ya ci shi wata irin funfuna ce, dangin naman kaza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙusar da muke kafawa don ɗaure rumfa, sharar da muke ƙonawa a gindi, saiwar da aka datse wajen haƙa kwata, duk ƙofa ce muka buɗe mata. Takan yi shekaru tana cin tsakiyar ice a ɓoye. Ganye ba ya nunawa, don ruwa ta gefen da ke kusa da ɓawo yake hawa. In kun ga wani abu kamar faifai ya tsiro a gindin itace, ko kun ƙwanƙwasa kun ji amo kamar ganga, to aiki ya yi nisa.

Mu muka ji wa mangwaron nan rauni, amma wa zai kai ƙara a madadinsa? Wasu ƙasashen sun amsa wannan tambaya. A 2008 ƙasar Ikwado ta sa haƙƙin daji da ruwa cikin tsarin mulkinta. A 2017 Niyu Zilan ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a gaban shari'a, aka naɗa masa wakilai biyu masu magana da yawunsa. A nan gida, sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta kare daji da ruwa da iska, sai dai yana cikin babin da ba a kai ta kotu kai tsaye a kansa. Amma ku sani, a Legas sare itace ba izinin hukumar LASPARK laifi ne.

Kada wani ya ce wannan bidi'ar Turawa ce. Mu da muka tashi a Arewa mun san hurumi. Fili ne a bayan gari, ba mai nomawa, ba mai ginawa, kuma dagaci ke tsare shi. Hurumi ba ya magana, amma yana da mai tsaya masa.

Shawarata uku ce. Na farko, kowane layi ya naɗa mutum ɗaya wakilin itatuwansa, ya duba gindinsu kafin ruwa ya sauka. Na biyu, a daina ƙusa da wuta da zuba siminti har wuyan itace. Wanda ya riga ya ruɓe, a sanar da hukuma, kar a jira ya faɗo wa yara. Na uku, ran 14 ga Yuli, ranar dashen itace ta jiha, ƙungiyarmu ta fito ta dasa, a kuma san wanda zai yi ban ruwa.

'Ya'yanmu a nan aka haife su, nan ne garinsu. Kar mu bar musu zafin kwalta kawai.

Allah ya sa mu dace.