eNaira Da 'Yancin Aljihu A Kudancin Kogin Kaduna



Ranar 25 ga Oktoba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, Najeriya ta zama ƙasar farko a Afirka da babban bankinta ya fitar da kuɗin intanet na gwamnati. Kuɗin da ke asusun bankin kasuwanci amana ne a hannun bankin, in ya durƙushe sai mai kuɗi ya shiga tsaka mai wuya. eNaira kuwa tana wuyan Babban Bankin Najeriya kai tsaye, daidai da takardar naira. Inda suka rabu shi ne, takarda tana wucewa daga hannu zuwa hannu babu wanda ya rubuta, eNaira kuwa duk inda ta taka sai ta bar sawu a rajista.

Amfanin ba abin rainawa ba ne. Ɗan kasuwar da ya tashi daga Kasuwar Monday ta Kakuri ya bi hanyar Abuja ba sai ya ɗauki damin kuɗi a jaka ba. Tallafin gwamnati zai iya faɗawa wayar bazawara a Nasarawa ko tsohon ma'aikacin masaƙa a Makera ba tare da wani ɗan tsakiya ya yagi rabonsa ba. Duk da haka jama'a ba su rungume ta ba: binciken da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar a 2023 ya nuna kashi 98.5 cikin ɗari na lalitocin eNaira da aka buɗe ba a taɓa su a kowane mako.

Mutanen wannan yanki suna da dalilin ɗari-ɗari, domin sau biyu sun ɗanɗana abin da wasu ƙasashe ke muhawara a kai a takarda kawai.

Na farko, a ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan Kaduna, ciki har da yankunan Chikun da Kajuru da Birnin Gwari, don yaƙi da 'yan bindiga. Sai ƙarshen Nuwamba aka maido da su. A cikin wannan tsakani aka ƙaddamar da eNaira. Manomin da ke bayan Kujama, da a ce duk dukiyarsa a waya take, da me zai sayi gishiri a waɗannan makonni?

Na biyu ya fi ciwo. A Oktoba 2022 Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, daga baya kuma aka ƙayyade abin da mutum zai cira a mako. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi ba su wadata ba. A Sabon Tasha da Barnawa da Television mutane suka riƙa sammako suna bin layin na'urar cirar kuɗi, masu POS suna sayar da naira da naira, mai tumatir tana kallon kayanta suna ruɓewa saboda mai saye ya tura kuɗi amma saƙo bai shigo ba. Jihar Kaduna, tare da Kogi da Zamfara, ta kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Mutane da kuɗinsu na halak suka kwana da yunwa, saboda umarni ɗaya daga Abuja.

Akwai kuma batun rufe asusu. A Nuwamba 2020 Babban Banki ya samo izinin kotu ya daskarar da asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar EndSARS ta adawa da cin zalin 'yan sanda, ba a sake su ba sai Fabrairu 2021. A wancan lokaci sai da ya bi ta kotu da bankunan kasuwanci. Idan shi ke riƙe da rajistar kowane kwabo, hanyar ta gajarce. Ga kuma batun wa'adi: a Shenzhen ta China, a 2020, an raba wa mutum 50,000 yuwan 200 kowanne na intanet, da sharaɗin a kashe cikin 'yan kwanaki ko ya ɓace. Kyauta ce, amma ta nuna ana iya ɗaura wa kuɗi wa'adi, ko a ƙayyade inda za a kashe shi.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 mataki ne mai kyau, sai dai ba ta isa ba. Ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar Kaduna ta Kudu da Chikun da Kajuru su nemi doka bayyananniya: kada a rufe lalitar kowa sai alƙali ya saurari mai ita, kada a sa wa kuɗin mutum wa'adi, kuma takardar naira ta ci gaba da wadata ga duk mai son ta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majami'u da masallatan da ke wannan yanki, ku kai musu wannan buƙata a rubuce.