Sinimar cikin salula da kututturen gonakinmu

Iyayenmu dattawa, yayyenmu da ƙannenmu da suka zo daga Maraɗi, Yamai da Kano, barkanku da zuwa gida. Mu malaman lakwal an ba mu ɗan lokaci, ba za mu ja magana ba.

Ƴan ci-rani sun saba aiko mana gajerun finafinai ta salula, na minti biyar ko goma, masu nuna mutanen da suka yi wani abin kirki a duniya. Mun gode. Amma yawanci yara su kalla, su ce "Turawa ke nan", su wuce. Shi ya sa muka zaɓo labari biyu da suka shafi gonar hatsi irin tamu.

Na farko na Yakuba Sawadogo ne, manomi daga yankin Yatenga a Burkina Faso. Ya riƙa haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe, yana zuba taki tun da rani, irin abin da a Nijar ake kira tassa. Da farko an ɗauke shi mahaukaci. Daga baya fako ya zama daji. An yi fim a kansa a 2010, ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa.

Na biyu a jiharmu ta Maraɗi ya faru. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa tsirran da muke sarewa kowace shekara lokacin sassabe ba ciyawa ba ne: kututture ne mai rai, saiwarsa na can ƙasa. Dabarar ba ta cin ko dala. A kowane kututture a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, a kiyaye su daga awaki da masu gatari. Shi ne sassaben zamani. A 2018 shi da Yakuba sun karɓi lambar yabo iri ɗaya a ƙasar Suwidin.

To, a nan muke da magana da masu fim. Fim yana son jarumi ɗaya, domin minti goma ba sa ɗaukar mutum dubu. Dattawan da ke zaune nan sun san yadda aka yi. Lokacin yunwar El-Buhari ta 1984 an bar itatuwa saboda ana ba da abinci a kan aikin. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka daure da dariyar maƙwabta, ana ce musu masu ƙazamar gona, su ne suka ga yashi ya daina binne shuka, kuma mata sun rage doguwar tafiya neman itace. Ga tsoro kuma: da can ana cewa itace na gwamnati ne, ka raine shi a gonarka, ka yanke reshe, a ci ka tara. Sai a 2020 aka sa hannu kan doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina. Masu bincike sun ƙiyasta eka miliyan 5 irin ta Faransa, wato ekta, da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Ba mutum ɗaya ya yi wannan ba, manoma ne, har da mutanen Ɗan Saga ta wajen Agye.

Abin da ke damunmu shi ne wasu samari in sun dawo noma suna gaggawa, su share gona ƙal, kalgo da sabara da ƙaramin gawo duk su tafi. Gawon da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana, ya ba dabbobi ƴaƴa da rani! Mai aiko kuɗin ƙwadago daga birni, don Allah ya haɗa da kashedi: kada a taɓa masa kututture.

Roƙonmu ga ƙungiya: kafin sassaben bana a nuna finafinan nan a filin lakwal bayan sallar isha'i, mu za mu fassara da Hausa. In an gama, dattijo ɗaya ko biyu su tashi su faɗi abin da suka gani da idonsu, wani yaro mai salula ya ɗauka, a aika wa ƴan uwa da ke waje. Muna buƙatar aron janareto da farin zane babba. Mai iyawa ya ga ma'ajin ƙungiya bayan taro.

Wassalamu alaikum.