Baƙin Mai da Lokacin Juye a Manyan Motocin Ɗaukar Kaya



Bahaushe ya raɗa wa man da ake zuba wa inji suna baƙin mai, domin ya bambanta shi da fetur da gas da kananzir. Sunan ya zauna daram, amma akwai ɗan ruɗu a cikinsa, gama sabon mai ba baƙi ba ne. Idan aka tsiyayo shi daga galan, kamanninsa kamannin zuma ne. Baƙin da aka san shi da shi a cikin inji yake samo shi, kuma a injin gas yakan yi baƙi ƙirin bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu. Daga nan kuskure na farko yake tasowa. Direba yakan zaro geji ya ga man ya yi baƙi ya ce ya mutu, alhali kuwa baƙin nan shaida ce cewa man yana aikinsa, watau ya kwashi kunkunniyar da ƙonewar gas ta haifar ya riƙe ta a jikinsa, bai bar ta ta kwanta a kan ƙarfe ba. Man da ya daɗe cikin injin gas bai sake launi ba shi ne abin tuhuma.

Maganar ba ƙarama ba ce, idan aka tuna cewa kusan duk abin da ake ci ko ake gini da shi a ƙasar nan a bayan babbar mota yake tafiya: hatsi daga Dawanau, shanu daga Potiskum da Maigatari, tumatir da albasa zuwa kurmi, siminti da man fetur zuwa arewa. Tun zamanin da ake harhaɗa Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan da Marsandi a Enugu, har zuwa yau da DAF da MAN da Mack da Howo suka cika hanya, hatsarin bai sake ba. In inji ya buga a dajin da ke tsakanin Mokwa da Tegina, mai mota ya yi asarar jarin shekaru, mai tumatir ya yi asarar kayansa cikin kwana biyu, direba da yaron mota kuma su kwana a bakin titi suna gadin gawa.

Aikin baƙin mai na farko shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Karanshaf ba ya kwanciya a kan metal ɗinsa yayin da inji ke gudu. Yana yawo ne a kan wani ɗan shimfiɗin mai wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Ban da wannan, man yana ɗebe zafi daga ƙarƙashin fistin, yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda, yana wanke datti ya kai wa filta, yana kuma hana tsatsa. Man da aka tato daga ɗanyen mai, shi kaɗai, ba ya iya duk wannan. Sai an haɗa shi da sinadarai, kuma su ne sukan ƙare tun man kansa bai gaji ba. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina mata sashe na musamman domin tace irin wannan tushen mai, da ɗanyen man da ake sayowa daga waje, saboda ɗanyen man Nijeriya bai dace da wannan aiki sosai ba. Abin da irin wannan sashe yake fitarwa tushe ne kawai, kamar gari ne da ba a tuƙa ba. Wanda ya sayi tushen mai tsagwaronsa a kwalba a bakin hanya, ya ga yana sheƙi yana yauƙi, kallon kitse yake yi wa rogo.

A jikin kowane galan na kirki akwai rubutu iri biyu da ya kamata mai saye ya iya karantawa. Na farko shi ne na kauri, wanda ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ta tsara. Idan an rubuta SAE 40, ana nufin kaurin da man yake da shi a zafin digiri 100. Idan kuwa an rubuta 15W-40, lamba biyu ke nan: ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man yake gudana cikin sanyi, domin W ɗin harafin farko ne na kalmar hunturu a Turanci, ta biyu kuma tana nuna cewa in ya yi zafi kaurinsa ɗaya da na SAE 40. Ana gwada 15W a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, sanyin da Kano ba ta taɓa gani ba, don haka wasu kanikawa sukan ce lambar farko ba ta shafi ƙasar zafi ba. Suna da ɗan abin kamawa, amma sun manta da asubahin hunturu a Jos ko Funtuwa, lokacin da mai ya kwana ya daskare a ƙasan inji, famfo yana fama ya tura shi sama. A 'yan daƙiƙun nan da metal da turbo suke jiran mai ne inji yake cin kansa fiye da kima, kuma man da ya fi saurin isa shi ya fi rage ɓarnar.

Akwai kuma imanin da ya yi kaka-gida a gareji, cewa mai kauri shi ne mai ƙarfi. Bakanike yakan ɗiga man tsakanin yatsa biyu ya ja, in ya yi yauƙi ya yaba. To, kauri ba inganci ba ne. Tsohon injin da metal ɗinsa ya saki yakan yi shiru in an ba shi 20W-50, gejin mai ya ɗaga, hayaƙi ya ragu, amma ciwon yana nan, an dai rufe masa baki ne. Sabon inji kuwa, mai matsattsun hanyoyin mai da turbo da kan juya fiye da sau 100,000 a minti guda, man da ya yi masa kauri yakan makara wajen isa inda ake bukatarsa, ya kuma ƙara shan gas. Abin da kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta a littafin mota shi ne hujja, kuma ga galibin manyan motocin da ke bin hanyoyin ƙasar nan 15W-40 ne.

Rubutu na biyu shi ne na daraja, wanda cibiyar man fetur ta Amurka, API, take bayarwa. Wanda ya fara da harafin S na injin fetur ne, wanda ya fara da C na injin gas. An fito da CH-4 a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 a 2016. Mai hankali zai zaci na baya-bayan nan shi ya fi dacewa da kowace mota a ko'ina, amma a nan ne maganar take da sarƙaƙiya, kuma sarƙaƙiyar daga farar wuta take.

Gas yana ɗauke da farar wuta, kaɗan ko da yawa. In ta ƙone cikin silinda ta gamu da tururin ruwa, sai ta zama asid, dangin ruwan batir, wanda yake zurarewa ta gefen ringi ya gangara cikin mai. Saboda haka ne ake sa wa man injin gas sinadarin da ke kashe kaifin asid, kamar yadda kanwa take kashe tsamin miya. Wannan sinadari guzuri ne, kullum raguwa yake yi, kuma gwargwadon yawan farar wutar da ke cikin gas gwargwadon saurin ƙarewarsa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun tsayar da iyakar farar wuta a kan kashi 10 cikin miliyan tun 2009, Amurka kuma kashi 15 tun 2006. A Nijeriya kuwa an daɗe doka tana yarda da kashi 3,000. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan, Public Eye, ta buga rahoto a kan gas ɗin da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka takwas, inda ta sami wanda farar wutarsa ta ninka ta Turai fiye da sau 300. A watan Disamba na wannan shekara Nijeriya da Binin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince a Abuja su rage iyakar zuwa kashi 50, kuma a 2020 ECOWAS ta ɗauki wannan ma'auni ga ƙasashenta duka. Sai dai doka a takarda daban, abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu daban, balle gas ɗin da ake dafawa a ɓoye a dazukan Neja Dalta.

Abin lura shi ne, CH-4 da CI-4 an tsara su ne domin gas mai farar wuta har kashi 5,000 cikin miliyan, alhali CJ-4 da CK-4 iyakarsu kashi 500. An rage musu toka ne domin kada su toshe matatar hayaƙi da ke jikin salansar sababbin motoci. Saboda haka tsohuwar tirela wadda ba ta da wannan matata, kuma take shan gas duk inda ta samu, CI-4 na gaske ya fi mata kwanciyar hankali. Motar da ta zo da matatar hayaƙinta tana aiki, ita tilas ne a ba ta mai ƙarancin toka, a kuma nema mata gas mai tsabta, in ba haka ba a yi asarar biyu. Akwai kuma FA-4, wanda ya fito tare da CK-4; tsinkakken mai ne da aka yi domin wasu sababbin injuna masu shan gas da bai wuce kashi 15 ba, kuma ba shi da wurin zama a tsohon inji.

Sai maganar juye. Kalmar kanta ta faɗi aikin: a kwance ƙusar ƙasa, a juyar da tsohon mai, a zuba sabo, kimanin lita 30 zuwa 40 a babban inji. Tambayar ita ce yaushe. A Turai akwai manyan motocin da kamfani ya yarda su yi kilomita 100,000 kafin juye, kuma wannan adadi yakan biyo motar cikin littafinta har Apapa. Amma an yanke shi ne bisa sharaɗin lafiyayyen titi, tsabtataccen gas, kaya daidai awo da iska marar ƙura. Littafin nan dai, in aka buɗa gaba, yana da wani layi na aiki mai tsanani, inda adadin yakan faɗi zuwa rabi ko ƙasa da haka, kuma duk sharuɗɗan tsananin sun taru a hanyar Legas zuwa Maiduguri. Zafi na nan, kuma ƙa'idar da masana suke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 a zafin mai yakan ninka saurin lalacewarsa. Lodi fiye da kima na nan. Ƙura kuma na nan, ta hanya da ta hazon hunturu wanda iska take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ƙurar nan garin dutse ce. In ta sami kafa ta yagaggiyar filtar iska ta shiga mai, sai man ya koma samfefa yana cin ringi da silinda. Yaron motar da ya cire filtar iska ya buga ta da taya don ya kakkaɓe ta, sau da yawa shi ya yi mata hudar da ido ba ya gani.

Daɗin daɗawa, agogon kilomita ba ya ƙirga tsayuwa. Motar da ta yi kwanaki a layin shiga tashar jiragen ruwa, ko a layin lodi a daffo, injinta yana kunne, man yana tsufa agogo bai motsa ba. Wasu masu ƙera inji sukan lissafa awa guda ta irin wannan aiki daidai da tafiyar kilomita 40. Shi ya sa ƙirga awa ya fi ƙirga nisa gaskiya. Tsohuwar ƙa'idar injunan gas masu aikin wahala ita ce juye bayan awa 250. In aka ɗauka mota tana yin kilomita 40 a awa, in an haɗa gudu da tsayuwa da ramuka, awa 250 ta zama kilomita 10,000, watau zuwa da dawowa huɗu ko biyar tsakanin Kano da Legas. Wanda yake da tabbacin mansa da gas ɗinsa yana iya wuce haka. Wanda ba shi da shi, gara ya tsaya nan. Kuma juye ba tare da sabuwar filta ba rabin juye ne, domin filtar da ta cika takan buɗe wata ƙofar gefe ta bar mai ya wuce ba tacewa.

Ma'aikatan da ke riƙe da motocin hukuma suna da tasu matsala, wadda ta saɓa wa ta 'yan kasuwa. Motar ma'aikata takan yi wata uku a ajiye, a tashe ta a yi 'yar gajeriyar tafiya a mayar. Injin bai yi zafin da zai kori ruwan da ya taru a cikinsa ba, ruwan kuwa shi ne abokin asid. Irin wannan mota da kalanda ake yi mata juye, wata shida ko shekara bisa ga abin da littafinta ya ce, ko da kilomitarta ba ta cika ba. Ba kuma boyayyen abu ba ne cewa akan sa hannu a takardar juye a fitar da kuɗi, ƙusar ƙasa ba ta ga sufana ba. Jami'in da ya saba duba filta da idonsa, ya ga ko sabuwa ce, ya kuma sa a rubuta kwanan wata da lambar agogo a jikinta da fenti, ya rage wannan ƙofa ƙwarai.

Geji ma yana magana ga wanda ya iya sauraro. Mai da ya ragu kaɗan abu ne da aka saba. Mai da ya ƙaru da kansa ba albarka ba ce: ko dai nozul yana zubar da gas cikinsa, a ji warin gas man kuma ya tsinke, ko kuwa ruwan lagireto ya sami hanya ta gaskit, man ya koma kamar shayi da madara. Kowanne daga ciki yana bukatar a tsayar da mota a ranar. Tun shekarun 1940 kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka suka fara kai samfurin mai ɗakin gwaji, a auna ƙarfe da tagulla da dalma da ƙurar da ke ciki, a san wane sashe na inji ne yake ciwo tun bai kwanta ba, kuma mai motoci ashirin ko talatin ya ci ribar yin haka. Mai mota ɗaya yana da gwajin talaka: ya ɗiga ɗigo guda na mai mai ɗumi a kan farar takarda mai tsotsa, ya bar ta ta kwana. In baƙin ya bazu ko'ina sumul, man yana riƙe da dattinsa. In ya dunƙule a tsakiya ya bar da'ira mai haske a kewaye, sinadarin ya ƙare. Ɗigo a kan ƙarfe mai zafi kuma, in ya yi tartsatsi kamar ruwa ya faɗa cikin man suya, akwai ruwa a ciki.

Saura jabu. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama masu tace tsohon mai da ƙyalle su ɗura a galan mai sunan kamfani, kuma jarinsu biyu ne, duka daga gareji suke fitowa: man da aka juyar, da galan ɗin da aka zazzage. Tsohon man nan akan shafa shi a azara don gara, akan kuma kwarara shi a kwata, inda yake bin ƙasa ya tarar da rijiya, ga shi yawan taɓa shi da hannu yana da haɗari ga fata. Galan kuwa yara sukan tsince shi su sayar da murfinsa lafiya lau. Wasu masu motoci sun ɗauki al'adar tsayawa a kan bakanike har a fasa hatimin galan a gabansu, in an gama zubawa kuma su sa a huda gindinsa da wuƙa kafin a jefar.