Zumunci A Ƙafa Yake

 Karatunmu na yau yana cikin Ibraniyawa sura 10, aya 24 da 25, inda aka gargaɗi masu bi kada su daina taruwa, gama waɗansu sun riga sun mai da rashin zuwa al'adarsu.

Su wa aka rubuta wa wannan wasiƙa? Ba mutanen da ke cikin jin daɗi ba ne. Idan kun gangara zuwa aya 32 har 34, za ku ga an ci mutuncinsu a bainar jama'a, an kulle waɗansu a kurkuku, an kuma ƙwace dukiyarsu. Duk da haka aka ce su taru. Mu a Bauchi ba baƙin wannan ba ne. Waɗanda suka ga watan Afrilu na 1991, lokacin da rikicin Tafawa Balewa ya shigo gari aka ƙone gidaje da majami'u, sun san tsoron fita sujada. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu yau ba tsoro ne ke hana mu ba. Gajiya ce, ko kuɗin keke, ko ciniki a kasuwar Muda Lawal. Wata ta ce ba ta da zanen fita. 'Yar'uwa, karanta Yakubu sura 2: wanda ya raina mai tsumma a taro shi aka tsauta wa, ba mai tsummar ba.

Akwai kuma mai cewa, "Ai ina jin wa'azi a rediyo." To, mu da kuke jin muryarmu a rediyon nan muna gaya muku, bai isa ba. Rediyo ba ya miƙa maka gurasar Jibin Ubangiji. Ba ya yi wa ɗanka baftisma. Ba ya lura cewa mako uku ke nan ba a gan ka ba, balle ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa. A 2020, da cutar korona ta sa aka hana taro, kowa ya ji wa'azi a ɗakinsa, amma gwauruwa nawa suka kwana ba wanda ya leƙa su? Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake.

Ku tuna da Toma a Yohanna sura 20. Da maraicen ranar tashin Ubangiji almajirai sun taru, ƙofofi a kulle saboda tsoro, Yesu ya bayyana a tsakiyarsu. Toma ba ya nan. Mako guda ya yi yana fama da shakka alhali 'yan'uwansa suna murna. Ina aka warkar da shakkarsa? A cikin taro, da ya komo. Yesu kansa, in ji Luka 4:16, ya saba shiga majami'a ran Asabar, ko da yake ya fi duk masu koyarwa a ciki sani.

Da yawanmu daga Bogoro muka zo, ko Dass, ko Tafawa Balewa, ko Filato, muka kama haya a Yelwa ko Gwallameji. A ƙauye, idan ciwo ya kama ka, dangi suna bayan gida. A birni fa? Ranar haihuwa, Zumuntar Mata ce ke zuwa da itace da sabulu. Ranar rasuwa, dattawan ikkilisiya ne ke kwana a gidan makoki. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Zaar da Jarawa da Ngas da Tangale suke iya zama a benci ɗaya, su ji Magana ɗaya. Yaranmu da aka haifa a gari, waɗansu ba su jin yaren gida sosai. Idan makarantar Lahadi ma ta wuce su, me za su riƙe?

Wanda kuma ya daina zuwa domin wani dattijo ya ɓata masa rai, Matiyu sura 18 ta nuna masa hanya: ya je su yi magana su biyu tukuna. Tsofaffi da marasa lafiya da ba su iya fita, ba da ku muke ba. Ku aika a gaya wa fasto ko mai bishara na unguwarku, a zo a yi sujada tare da ku a gida.