Madubin Hangen Nesa: Abin Da Maharbi Zai Duba Kafin Ya Saya

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, tsohon soja kuma maharbi, ya yi a taron bayan Salla. Mun buga shi don ƴan uwa da ke ci-rani waɗanda ba su samu zuwa ba.



Maigari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta malam. Sarkin baka da dattawan gari, da ƴan uwa da suka taso daga Yamai da Maraɗi da Damagaram, ina gaishe ku, ina yi muku barka da Salla.

An ce in yi magana kan madubin hangen nesa, wanda a kanti ake ce ma jimel, musamman ƙarami mai ma'auni a ciki. Dalili kuwa, yaranmu na waje sun fara aiko ma iyayensu shi tsaraba, wasu kuma kuɗin guminsu ne ke tafiya a banza.

Zan fara da abin da ya same ni. Wata shekara da kaka na fita da asuba, na hangi abu ja-ja yana motsi cikin sabara. Na ce gada ce. Har na ɗaga bindiga, sai Allah ya sa abin ya miƙe. Ashe yaro ne makiyayi ya yafa bargo, ya duƙa yana kwance igiya a ƙafar maraƙi. Kwana uku ban iya cin abinci ba. Tun ran nan na ɗauki alkawari ba ni ƙara nuna bakin bindiga ga abin da ban gane ba. Aikin madubi na farko ke nan, ka san abin da kake kallo. Na biyu, ka san nisanshi. Madubin da bai yi maka waɗannan biyu ba, kaya ne kawai a wuya.

To, a jikin kowane madubi akwai lamba biyu, kamar 8x30 ko 10x25 ko 7x50. Ta farko tana faɗin sau nawa yake jawo abu kusa. Mai 8, abin da ke mita 400 za ka gan shi kamar yana mita 50. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, ta nan haske ke shiga. Mai kanti zai yabi babbar lamba, ya ce ga mai 20, ga mai 30. Kada ku saurare shi. In lambar ta wuce 10, rawar hannu ma jawo ta yake, abu ya yi ta tsalle a ido, filin da kake gani kuma ya ƙuntata. Haka wanda ake murɗawa lambar ta ƙaru ko ta ragu, ku bar shi, domin bai da ƙwari.

Ga lissafin da ya shafi dattawa. Ku raba lamba ta biyu da ta farko. 10x25 ya ba da 2 da rabi, 8x30 ya kusa 4, 7x50 ya ba da 7. Wannan shi ne faɗin hasken da ke isa ido. Ƙwayar idon saurayi takan buɗe har milimita 7 cikin duhu, ta mai shekara 60 da wuya ta wuce 5. Ashe 7x50, mai nauyin kilo guda ko fiye, dattijo zai sha ɗaukar shi, wani hasken kuma ya zube a banza. Shi kuwa 10x25 da rana lafiya lau, amma da asuba da almuru, lokacin da naman daji ke fita, dushi-dushi yake. Shawarata 8x30 ko 8x32. Nauyinshi wajen rabin kilo, yana shiga burgami.

Yanzu ma'auni. In ka leƙa, galibi a idon dama, za ka ga zane kamar tsani. A soja muna ce ma awon miliyem. Miliyem guda shi ne abu mai tsayin mita 1 da ke nisan mita 1000. Ƙa'idar ita ce: tsayin abu a mita, sau 1000, a raba da miliyem ɗin da ya cika. Mutum a tsaye, mu ce mita 1 da santimita 70. In ya cika 10, yana mita 170. In ya cika 5, yana mita 340. Gada tsayinta a kafaɗa wajen rabin mita ne. In ta cika 5, tana mita 100. In ta cika 10, mita 50. Sai ta wuce 12 ta shigo mita 40, kuma nan ne iyakar bindigarmu ta kalibar 12, balle adaka. Wanda ya harba daga mita 70 rauni kawai zai yi mata, ta tafi ta mutu cikin daji mushe, ga asarar harsashi, ga alhaki. Ma'aunin nan bai ƙara ma bindiga ƙarfi. Gaya maka yake saura taki nawa ka yi sanɗa, ko kuwa ka haƙura ka bar ta.

Sai dai ku lura, tsanin ba iri ɗaya ba ne. A wani madubin kowane gurbi 5 ne, a wani 10. Kada ku dogara ga bakin mai saidawa. Ku yanke kara mai mita 1 daidai, ku kafa shi, ku auna mita 100 da igiya, ku leƙa. Ya kamata karan ya cika 10 cif. In bai yi ba, ko dai ba ku karanta gurbin daidai ba, ko zanen na ado ne. Lissafin kuma sai ka san tsayin abin. Dabbar da ciyawa ta rufe ma ƙafafu za ta yi maka ƙarya, ka zaci ta fi nisa.

A kanti ku gwada abu huɗu kafin ku ba da ko dala.

Na ɗaya, ka riƙe shi nesa da fuska wajen haske, ka dubi gilashin ido. Ɗigon hasken ya zama da'ira sosai. In ya yi kusurwa, gilashin ciki na araha ne.

Na biyu, ka kalli wayar lantarki ko kan katanga, ka ja madubin baya kamar taƙi guda. Layin ya zama ɗaya a idanun biyu. In wani ya hau wani ya sauka, idanun madubin sun saɓa, ciwon kai zai sa maka, nan kuma ba mu da mai gyara.

Na uku, ka tambayi wanda aka toshe, ruwa bai shiga. Ba damina kaɗai ba, ƙurar hunturu ta fi ruwa ɓarna a ƙasarmu. Wanda ruwa bai shiga, ƙura ma ba ta shiga.

Na huɗu, mai sa tabarau ya gwada da tabaranshi a fuska, ya tabbata yana ganin tsanin duka. Gilashi mai jan ƙyalli kamar garwashi kuwa, don jawo ido aka shafa mashi launi. Araha ba ta ado.

In ya zo hannu, a busa ƙura kafin a shafe shi da ƙyalle mai laushi, ban da bakin rawani, domin yashi yana karce gilashi. Kada a bar shi cikin rana. Kada yaro ya kalli rana da shi, makanta ce.

Abu na ƙarshe, hukuma. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta ce sai da takardar izini, ta kuma ware dabbobin da ba a taɓawa sam. Raƙumin dawa na ciki. A 2018 an ɗauko takwas daga Kure an kai gandun Gadabeji don su hayayyafa. A nemi ma'aikatan gandun daji su faɗi abin da aka halatta da lokacinshi. Sa'an nan kun san halin da dajinmu ke ciki na ɓarayin shanu. Mutum da bindiga da madubi mai ma'auni, soja ya gamu da shi, ba zai ɗauke shi maharbi nan take ba. Ku riƙe takardunku a aljihu, ku sanar da maigari kafin ku fita.

Ƴan ci-rani, mai niyyar aikowa ya rubuta 8x30 a takarda, ya yi gwajin nan da kanshi. In ya iso gari, kara da igiya suna gidana, a zo mu auna tare.

Allah ya tsare hannuwanmu daga jinin ɗan'uwa, ya ba mu damina mai albarka.