Kafin ka sayo kan famfo

In za ka sayo kan famfo daga Yola ko Mubi zuwa Garwa, fara da awo. Abin da ake kira rabin inci a Najeriya, shi ne 15/21 a shagunan Kamaru; uku bisa huɗun inci kuwa 20/27. Na kicin da banɗaki yawanci rabin inci ne. Kwamin shayar da shanu sai babban, garke ba ya jira.

Ka kuma ɗaga shi ka ji. Na tagulla yana da nauyi. Mai ƙyalli mara nauyi saurin tsagewa gare shi. Na roba akwai araha, amma ranar Afrilu tana gasa shi ya karye.

In yana ɗiga, sauya robar ciki tun da wuri. Mitar Camwater ba ta yafe ɗigo.