Jawabi Kan Ceto Bayanai Daga Rumbun Kwamfuta Idan Ya Lalace



  Abin da za mu yi magana a kai yau shi ne ɗan akwatin nan da ake jona wa kwamfuta da waya don ajiye bayanai, wanda yaran shago suke kira had-dis. Mu a nan za mu kira shi rumbu, domin aikin rumbu yake yi. Tambayar ita ce: idan ya faɗi, ko ya sha ruwa, ko wuta ta taɓa shi, me ya kamata mutum ya yi don kada abin da ke ciki ya salwanta?

Jama'a, ba sai mun tsaya tuna muku abin da ya same mu a garin nan ba. Daren Lahadi 26 ga Fabrairu 2023, kwana ɗaya bayan zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye babbar kasuwarmu ta Monde. Ba mu gama farfaɗowa ba, sai ga shi ranar Talata 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da Kwastam da Shehuri, ya shiga kasuwa, ya shiga fadar Mai Martaba Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'a. Manya daga cikinmu sun ga ambaliyar 1994, sun kuma shaida cewa wannan ta fi ta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa kowa da alheri.

To, a 1994 lissafinmu a littafi yake. Littafi in ya jiƙe a kan shanya shi, a karanta abin da ya saura. Yanzu kuwa da yawa daga cikinmu sun miƙa lissafi ga 'ya'yansu, su kuma sun zuba shi a kwamfuta da rumbu. A ciki akwai sunayen waɗanda suka ɗauki kaya bashi zuwa Gamborun Ngala da Kusuri da Injamena da Difa, akwai abin da 'yan Kantin Kwari da Singa na Kano suke bin mu, akwai hoton takardar fili da ta shago, akwai takardun makarantar yara da karatun malamai da aka naɗa. Kun ga ashe haƙƙin mutane ne a cikin ɗan akwatin nan. Kayan da suka ƙone a kan sayi wasu, amma lissafin bashi in ya ɓace, husuma ce ke biyo baya, har zumunci ya lalace.

Abu guda muke so kowa ya tafi da shi gida. Sau da yawa faɗuwa ko ruwa ba su ne suke kashe bayanan ba. Abin da ake yi wa rumbun bayan haɗarin shi ne yake ƙarasa su. Don mu gane dalili, bari mu faɗi yadda cikinsa yake.

Waɗanda suka san garmaho sun riga sun san rabin maganar. A cikin rumbun akwai faifai, wani na gilashi wani na alminiyam, an shafe shi da wani sinadari mai maganaɗisu, a kansa ake rubuta komai. Akwai kuma allura da take karantawa. Bambancinsa da garmaho shi ne allurar nan ba ta taɓa faifan, shawagi take yi a kan iskar da juyawar faifan take tayarwa. Ƙananan nan da muke sa wa a aljihu yawancinsu suna juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa guda. Tazarar da ke tsakanin allura da faifai kuwa ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Saboda haka ƙwayar ƙurar hunturu guda ɗaya, a wurin allurar nan, tamkar dutse ne a tsakiyar titi. Idan allura ta lanƙwashe ko laka ta bushe a kan faifai, sannan aka jona wuta, to kowane juyi kankare rubutun yake yi. Abin da aka kankare kuwa ya zama gari, babu gwanin da zai dawo da shi a duniya.

Lalacewar rumbu iri huɗu ce, kuma kowace da hukuncinta.

Ta farko ita ce mai sauƙi: wayar jonawa ta tsinke, ko bakin da ake sokawa ya karye, rumbun bai faɗi ba, bai jiƙe ba, ba ya wata ƙara. Wannan a fara da canza waya. Idan bai yi ba, mai gyara na gari zai iya cire rigar roba ta waje, ya jona ainihin rumbun kai tsaye. Sai dai a sani, wasu samfurori, kamar My Passport na kamfanin Western Digital, bakin a manne yake da fanel ɗin ciki, ba a raba su ta haka.

Ta biyu ita ce ƙonewar fanel, wato allon lantarkin da ke bayan rumbun. Wannan ya fi samun manyan nan masu caja tasu daban. Suna shan wuta bolt 12 ne, cajar laftof kuwa yawanci 19 take bayarwa, kuma bakinsu ya kan yi kama. Yaro ya ɗauko cajar laftof ya soka, sai a ji ƙauri. A nan faifan lafiyarsa ƙalau. Amma kada a ce za a ciro fanel ɗin wani rumbun a ɗaura kawai, domin a jikin kowane fanel akwai 'yar ƙaramar aisi mai ɗauke da saitin wannan rumbu shi kaɗai. Dole a ciro ta daga tsohon a mayar kan sabon. Don haka ko fanel ya ƙone ƙurmus, kada a yar da shi.

Ta uku ita ce faɗuwa. Alamarta, in an jona sai a ji yana ƙas-ƙas-ƙas, ko yana wani ɗan kuka kamar tsuwar ɓera, kwamfuta kuma ba ta ganinsa. To, da jin wannan a zare shi nan take. Kada a sake gwadawa a wata kwamfutar, kada a bubbuga shi, kada a sa shi a firji kamar yadda wasu suke faɗa, domin sanyi raɓa yake tarawa a kan faifai.

Ta huɗu ita ce ruwa da wuta, ita ce kuma ta fi shafar mu. Rumbu irin namu ba a toshe yake ruf ba, yana da 'yar ƙofar shan iska mai matata, ta nan ruwa yake shiga. Ruwan ambaliya kuwa ba ruwan randa ba ne, laka ne da ƙazantar kwata. Abin da hankali zai fara ba mutum shi ne ya shanya a rana, ko ya binne shi cikin shinkafa. Masana aikin sun ce a'a. In ya bushe, lakar ta kan manne a jikin faifai, tsatsa kuma ta kama. Abin yi shi ne a goge bayansa, a sa shi a leda mai kauri da damshinsa, a ɗaure, a hanzarta kai shi wurin gwanaye cikin 'yan kwanaki. Wanda gobara ta taɓa, shi ma kada a yanke masa ƙauna don an ga robar ta narke, sau da yawa faifan ciki yana nan. Waɗanda har yau suke ajiye da rumbun da ya sha ruwa a 2024, ya riga ya bushe, amma duk da haka kada su jona. Su kai a duba, su kuma gaya wa mai aikin gaskiyar abin da ya same shi.

Akwai abubuwa uku da muke roƙon matasanmu su kiyaye. Na ɗaya, kada a kwance murfin ƙarfen rumbu a shago ko a ɗaki. Garin gyaran gira a kan rasa ido. Na biyu, idan kwamfuta ta ce a yi masa fomatin kafin ya buɗe, a ce mata a'a. Na uku, manhajojin dawo da fayil irin su Recuva da PhotoRec suna da amfani ga rumbu mai lafiya wanda aka goge abu a cikinsa bisa kuskure. Amma ga wanda allurarsa ta karye, sa su aiki tamkar ɗora wa jaki mai karaya kaya ne.

To yaya su gwanayen suke yi? Suna buɗe rumbun ne a ɗaki na musamman wanda na'ura take tace iskarsa. Su wanke faifan da sinadari, su nemo wani rumbu mai lafiya irinsa sak, su ciro allurarsa su dasa. Daga nan ba sa tsayawa buɗe fayil, sai su kwafe faifan gaba ɗaya zuwa sabon rumbu, su fara da wuraren da ke da lafiya, su bar masu rauni zuwa ƙarshe. A kan wannan kwafin ne ake tsamo bayanai. Shi tsohon ba ya komawa aiki.

Don mu san iyakar abin da zai yiwu, ga misali daga Amurka. Ranar 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Columbia ya tarwatse a sama yana dawowa duniya, mutum bakwai da ke ciki suka mutu. A cikin tarkacen da ya zubo a jihar Texas aka tsinci wani rumbu na kamfanin Seagate, ya ƙone ya narke. Aka kai shi kamfanin Kroll Ontrack, wani injiniya mai suna Jon Edwards ya ciro faifan ya wanke, ya dasa a wani rumbun, aka samo kashi 99 cikin 100 na bayanan, har masana suka buga sakamakon bincikensu a 2008. Amma wasu rumbuna biyu daga kumbon ba a samu komai a cikinsu ba, zafi ya kashe maganaɗisun. Kun ga akwai rabo, akwai kuma iyaka.

Irin wannan aiki galibi sai an dangana da Legas ko Abuja, wani lokaci har ƙasar waje, kuma kuɗinsa ya kan ninka na sabon rumbu sau da yawa. Mu 'yan kasuwa ne, mun san ciniki, don haka kafin a miƙa kaya a yi tambaya. Shin kuna da ɗakin da ake tace iska, ko wani za ku kai wa? Za ku nuna mana jerin abin da kuka samo kafin mu biya? In ba a samu komai ba, nawa ne ladanku? A rubuta lambar jikin rumbun a kan rasit. A yi yarjejeniya a rubuce cewa ba za a kwafi komai a ajiye ba, domin a ciki akwai hotunan iyali da sirrin ciniki. Idan an kulle rumbun da kalmar sirri, a tabbata akwai wanda yake riƙe da ita, in ba haka ba ko an ceto bayanan ba za su karantu ba. Wanda ya ce zai buɗe maka a gabanka a kan benci da arha, ka yi masa godiya ka ɗauki abinka. Arha ba ta ado.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce duk abu mai muhimmanci a yi masa kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, sannan 1 ya kasance a wani wuri daban. Wanda ya ajiye laftof da rumbu a durowa ɗaya a shago ɗaya, a wurin ruwa da wuta kwafi ɗaya gare shi. A bar ɗaya a shago, ɗaya a gida a wuri mai tudu ko wurin ɗan'uwa a wani gari, ɗaya kuma a intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, ya ishi lissafin shekaru. Kuma kada a raina takarda. Duk ƙarshen wata a buga jerin basussuka, mai bi da wanda ake bi kowa ya riƙe nasa.

Malamanmu suna nan, sun fi mu sani. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda aka umarta ya rubuta, ai an umarce shi ya tsare rubutun ke nan. Haka kuma ɓacewar rubutu ba ta sauke bashi. Duk wanda ya san ana bin sa, ya kuma san lissafin mai kayan ya tafi a ruwa ko a wuta, ya ji tsoron Allah ya je da ƙafarsa ya faɗi abin da ke kansa. Wasu masu kayan sun rasu, marayunsu ne suke jira.

Daga ƙarshe muna ba ƙungiya shawara uku. A kafa ɗan kwamiti da zai tattara rumbunan 'yan'uwa da suka lalace, a aika da su tare ta hannun amintacce, don a samu sauƙin kuɗi. A zaɓi matasa biyu ko uku a ɗauki nauyin koya musu wannan sana'a yadda ya kamata. Sannan a sa ranar taronmu na wata-wata ta zama ranar da kowa zai tuna ya kwafi lissafinsa, tun kafin damina ta sake zagayowa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da amanar da ke hannunmu, Ya kiyaye garin nan daga ruwa da wuta, Ya ƙara mana zaman lafiya da 'yan'uwanmu masu masaukinmu.